Hoton Rumbu Ba Ya Zama Ajiya Sai Ya Bar Gida

Daren 31 ga Janairun 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, dandalin da masu rubuta manhaja daga ko'ina a duniya ke ajiye aikinsu, yana ta fama da kwamfutoci biyu masu riƙe da detabes ɗin kamfanin. Ɗaya ita ce uwa, wadda ake aiki da ita kai tsaye, ɗayar kuma 'ya ce, tana bin uwar tana kwafar duk abin da ta rubuta. 'Yar ta tsaya cak, ta ƙi bin uwar. Sai ya ga mafita ita ce ya share abin da ke cikin 'yar ya sake cika ta daga farko. Ya buga umarnin sharewa. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ankara cewa a kan uwar yake. Ya yi maza ya tsayar, amma aikin gama ya gama: daga bayanai kusan gigabait 300, abin da ya rage bai wuce 4.5 ba.

A rubuce, kamfanin yana da hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana har guda biyar. Da aka je dubawa, sai aka tarar kowacce da nata ciwon. Manhajar da ke juye detabes kullum ta daɗe tana faɗuwa, domin tsohon samfuri ce, 9.2, alhali detabes ɗin PostgreSQL ɗin nasu 9.6 ne. Saƙonnin imel da ya kamata su sanar da su faɗuwar ba sa isa hannun kowa. Wurin da ake zuba ajiyar a intanet kuwa wayam yake. Abin da ya cece su shi ne wani hoton rumbu da aka ɗauka da hannu kimanin awa 6 kafin ɓarnar, aka kwafe shi zuwa wata kwamfuta daban da suke gwaje-gwaje a kanta. Daga can aka dawo da komai, kuma kwafowar kaɗai ta ci kusan awa 18, duniya na kallonsu kai tsaye a YouTube. Aikin da mutane suka yi cikin waɗannan awanni 6 ya tafi har abada: kimanin furojet 5,000, sharhi 5,000, da sababbin masu rajista wajen 700.

Na kawo wannan labarin ne saboda da yawa daga cikinmu, musamman 'yan sashen kwamfuta da na injiniyan lantarki, ba za mu daɗe ba za a miƙa mana makullin wani ɗaki mai sanyi a ce ga saba nan, ka kula da ita. Wani a lokacin SIWES zai fara gamuwa da ita, wani sai bayan HND. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da nake so mu fahimta a nan shi ne mene ne wannan hoton rumbun, yaya yake aiki, kuma me ya sa na GitLab ya yi amfani alhali da yawa irinsa ba sa tsinana komai ranar da ake buƙatarsu.

Bari mu daidaita kalmomi tukuna. Saba ita ce kwamfutar da ke zaune a kunne dare da rana tana yi wa sauran hidima, kamar wadda ke riƙe da shafin rajistar ɗalibai. A cikinta akwai faifan ajiya, wanda muke kira had-dis. Shi faifan ana yanka shi, ko a haɗa guda biyu ko uku, a fitar da wani fili guda da kwamfuta ke gani a matsayin wurin zuba fayiloli. Wannan filin shi littattafan darasinmu ke kira bolyum, ni kuma a nan zan kira shi rumbu. Sinafshot kuwa shi ne abin da zan riƙa kira hoton rumbu: yadda rumbun yake daidai wata daƙiƙa, an daskarar da shi, ko da an ci gaba da rubutu da gogewa bayan nan.

Yadda ake ɗaukar hoton gigabait 500 cikin ƙiftawar ido

Duk wanda ya taɓa tura fim daga laftof zuwa filas ya san kwafi yana cin lokaci. To yaya aka yi hoton rumbu mai gigabait 500 ke kammala kafin ka ɗaga yatsa daga kan madanni? Amsar ita ce ba a kwafi komai ba.

Kwamfuta ba ta ajiye fayil a dunƙule. Tana farfasa shi zuwa ƙananan tubala, ta baza su a kan faifai, sannan ta riƙe rajista mai cewa fayil kaza tubalansa suna wuri kaza da kaza. Ku ɗauki misalin mai tsaron sito a kasuwar hatsi. Yana da littafi da ke nuna buhun wane yana layi na nawa. Idan maigida ya ce masa ina son sanin yadda siton nan yake yau Litinin ƙarfe 12 na dare, ba sai ya gina wani siton ya cika shi da buhuna ba. Abin da zai yi shi ne ya ajiye littafin yau a gefe, ya kafa doka cewa duk buhun da sunansa ke cikin wannan littafin ba a fitar da shi, ba a zazzage shi. Hoton rumbu ke nan: rajistar da aka daskarar, da alƙawarin cewa tubalan da take nunawa ba za a taɓa su ba.

To idan aka zo canza wani fayil fa? A nan hanya ta rabu biyu. Tsarin LVM na Linux, a salonsa na asali, idan za a rubuta sabon abu a kan wani tubali, sai ya fara kwashe tsohon ya kai shi wani fili da ka ware wa hoton, sannan ya rubuta sabon a gurbinsa. Wato rubutu ɗaya ya zama karatu ɗaya da rubutu biyu, shi ya sa saba kan yi nauyi muddin hoton yana nan. Kuma akwai tarko: idan filin da ka ware ya cika, hoton ya lalace gaba ɗaya, ba rabi ba. Ka ware gigabait 5, aka yi canjin gigabait 6, shi ke nan, sai dai ka jefar.

Tsarin ZFS, wanda injiniyoyin Sun Microsystems irin su Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara a 2001 aka sake shi a 2005, da Btrfs da ya shiga Linux a 2009, su ba sa rubutu a kan tsohon tubali ko da babu hoto. Kullum sabon wuri suke nema su rubuta, su gyara rajista ta nuna can, sannan su saki tsohon. Idan akwai hoton da ke riƙe da tsohon, sai kawai a ƙi sakinsa. Shi ya sa a wurinsu ɗaukar hoto kusan kyauta ne, kana iya tara ɗaruruwa. Ni dai a ganina, ga wanda zai kafa sabar ajiya daga tushe, ZFS ya fi kwanciyar hankali, domin yana kuma lissafa wata lambar shaida ga kowane tubali, ta yadda idan faifai ya fara ruɓewa a ɓoye zai gane ya faɗa maka.

Wani abu da ke ɗaure wa sababbin shiga kai: ka goge fayil mai gigabait 20, ka duba, fili bai ƙaru ba. Ba aljanu ba ne. Hoton jiya yana riƙe da tubalan. Sai ranar da hoto na ƙarshe mai nuna su ya tafi za ka ga filinka.

Yanzu ku sake kallon misalin siton. Littafin Litinin yana nan, buhunan Litinin suna nan, amma duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. Idan yaron shago ya yi kuskure ya sauya wa buhu wuri, littafin zai fitar da kai. Idan gobara ta tashi kuwa, da littafin da buhunan duk toka. Hoton da ke zaune a kan faifan da ya ɗauka yana maganin kuskuren hannu, yana maganin sabunta manhajar da ta zo da matsala, kuma wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba ya maganin mutuwar faifai, ba ya maganin ɓarawon da ya sungumi sabar, ba ya maganin wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙone komai. Tubalan da ba su canza ba, waɗanda su ne mafi yawa, kwafi ɗaya tak gare su a duniya, hoto goma ne ke nuna su ko ɗari.

Haka kuma ba ya maganin mugu. Windows tana da nata irin hoton, Volume Shadow Copy, tun zamanin XP da Server 2003, shi ne ke ba ka damar dawo da tsohon samfurin fayil. Masu garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa sun san da shi sarai. WannaCry, wadda ta barke a watan Mayun 2017 ta durƙusar da asibitoci da dama a Birtaniya, tana cikin masu ƙoƙarin share waɗannan hotunan, don kada wanda aka kulle wa fayiloli ya samu ƙofar baya. Duk wanda ya samu ikon shugaba a kan kwamfuta, umarni ɗaya ya ishe shi ya shafe hotunanta kaf.

Nan ma zan ɗan ratse in taɓa RAID, domin na sha jin ana cewa ai sabarmu faifai biyu gare ta, ɗaya madubin ɗaya, ba mu da damuwa. Madubi ba ya gardama. Ka goge fayil a nan, a take ya goge a can. Cuta ta lalata fayil a nan, ya kwafi lalatar da aminci. Irin abin da 'yar detabes ɗin GitLab take yi ke nan ma ko da lafiyarta ƙalau. RAID na hana saba tsayawa idan faifai ɗaya ya mutu, iyakarsa ke nan.

Tura hoton zuwa wata sabar

Amfanin hoto na gaskiya a harkar ajiya shi ne yana tsayar maka da rumbu wuri ɗaya har ka gama kwafa. Ka yi tunanin kwafar rumbun da ake aiki da shi: ka fara ƙarfe 1, ka gama ƙarfe 3. Fayil ɗin da ka kwafa da farko na ƙarfe 1 ne, na ƙarshe na ƙarfe 3, kuma wataƙila na farkon yana nuni ga wani abu da aka riga aka goge kafin ka iso kansa. Ka samu kwafin da bai taɓa wanzuwa a zahiri ba. Idan daga hoto ka kwafa kuwa, komai na daƙiƙa ɗaya ne, ko kwafin ya kwana yana tafiya.

Da LVM, tsarin shi ne ka ɗauki hoto, ka buɗe shi a matsayin na karatu kawai, ka tura abin da ke ciki zuwa saba ta biyu da manhajar rsync, sannan ka goge hoton nan da nan kafin filinsa ya cika. Ita rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996, tana duba ɓangarorin biyu ta tura abin da ya bambanta kawai. A can saba ta biyu, manhaja irin rsnapshot tana jera maka folda ta kowace rana, kowacce ka buɗe kamar cikakken kwafi ce, alhali fayil ɗin da bai canza ba sau ɗaya aka ajiye shi, sunaye ne kawai da yawa ke nuna shi. Matsalar wannan hanyar ita ce dole rsync ta bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana tambaya ko sun canza. In fayiloli miliyan ne, tambayar kaɗai aiki ce.

Da ZFS ko Btrfs ba a buƙatar wannan zagayen, domin tsarin ya riga ya san tubalan da aka rubuta bayan hoton jiya. Umarnin zfs send yana mayar da hoto wani dogon zaren bayanai, ka bi da shi ta SSH, a can zfs receive ya karɓa ya sake gina shi daidai yadda yake. Karon farko dole a tura komai. Daga nan sai bambanci kawai: ga hoton Litinin da muke da shi mu biyu, ga na Talata, karɓi abin da ke tsakani.

Mu yi ɗan lissafi, tunda 'yan kimiyya ne mu. A ce rumbu na da gigabait 500, wayar netwok ɗin kuma mai megabit 100 ce a daƙiƙa. Gigabait 500 sau 8 ya ba da gigabit 4,000, a raba da 0.1, daƙiƙa 40,000 ke nan, sama da awa 11, kuma wannan idan babu abin da ya tsaya a hanya. Amma idan abin da ke canzawa a rana gigabait 2 ne, turawar kullum daƙiƙa 160 ce, ba ta kai minti 3 ba. Wajen fili ma haka: cikakken kwafi 30 na wata guda zai ci gigabait 15,000, amma hoto 30 zai tsaya wajen 560. Wannan bambancin shi ne ya sa ake iya ajiya kowace awa maimakon kowane ƙarshen wata.

Sai dai a kula da igiyar da ta haɗa su. Turawar bambanci tana buƙatar hoto guda da ke ɓangarorin biyu. Idan sabar ajiya ta yi mako biyu a kashe, ita kuma sabar aiki tana share duk hoton da ya wuce kwana 7, ranar da suka sake haɗuwa ba su da abin da suka yi tarayya a kai, sai a koma awa 11 ɗin nan daga farko. ZFS na da umarnin hold da ke hana a share wani hoto har sai ka sake shi, kuma manhajoji irin su syncoid da zrepl, ko btrbk ga masu Btrfs, an yi su ne don su riƙa kula da wannan lissafin.

Akwai kuma maganar detabes, wadda ita ce ta fi shafar irin sabobin da ke makarantu, tunda sakamakon jarrabawa da rajista duk a ciki suke zaune. Hoton da aka ɗauka ana tsakiyar aiki daidai yake da a ce an fizge wayar wuta a wannan daƙiƙar. Abin da ya riga ya sauka a faifai yana nan, abin da ke cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi babu shi. PostgreSQL da MySQL mai amfani da InnoDB suna da littafin da suke rubuta niyyarsu kafin su aikata, don haka sukan farfaɗo daga irin wannan, da sharaɗin littafin da bayanan suna cikin hoto ɗaya. Idan bayanan na wani rumbu, littafin na wani, ka ɗauki hotunansu a lokuta daban ko da tazarar daƙiƙa ɗaya ce, ka haɗa wa kanka rigima. Mafi aminci shi ne ka umarci detabes ya sauke abin da ke hannunsa ya dakata, ka ɗauki hoto, ka sake shi. Dakatawar ba ta wuce 'yan daƙiƙu, domin ka tuna hoton ba kwafi ba ne.

Wa ke riƙe da makulli?

Wannan shi ne sashen da na fi so ku riƙe, domin a nan ne masu ilimi ma ke zamewa. Hanya biyu ce: ko sabar aiki ta riƙa tura ajiya zuwa sabar ajiya, ko sabar ajiya ta riƙa zuwa tana jawowa. A ido kamar duk ɗaya ne. Amma idan sabar aiki ce ke turawa, dole tana riƙe da makullin shiga sabar ajiya. Ita ce kuma ke fuskantar intanet, ita ce kowane ɗan kutse ke ƙwanƙwasa wa ƙofa. Ranar da aka fasa ta, an samu makullin ɗaya gidan a rataye a bango.

A watan Yunin 2014 wani kamfani mai suna Code Spaces, shi ma mai ajiye wa masu manhaja aikinsu, ya gamu da wannan. Wani ya samu shiga shafin da suke sarrafa kayansu na Amazon, ya nemi kuɗi. Da suka yi ƙoƙarin ƙwace ikonsu, sai ya bi ya share injinansu, da hotunan rumbunansu, da wuraren ajiyarsu. Suna da ajiya, har a wurare daban-daban, amma duk ƙofa ɗaya ake bi a isa gare su. Kamfanin bai sake tashi ba.

Saboda haka ni jawowa nake goyon baya. Sabar ajiya ta zauna shiru, ba ta da shafin intanet, ba ta karɓar baƙi, ba wanda ke shiga cikinta sai mutum ɗaya ko biyu, da kalmar sirri daban da ta ko'ina. Lokaci ya yi, ita za ta buga wa sabar aiki, da asusun da aka ba shi izinin karatu da tura hoto kawai. ZFS na da umarnin allow da ke ba da irin wannan taƙaitaccen izini ba tare da an miƙa ikon shugaba ba. Sabar aiki kuwa ba ta ma san hanyar gidan ba. Kuma sabar ajiya ita ke yanke shawarar abin da za ta share da lokacin da za ta share shi. Kada ka taɓa tsara ta ta riƙa kwaikwayon gogewar da aka yi a ɗaya ɓangaren, in ba haka ba ka sake gina madubi ne da tsada.

Nawa za a ajiye? Wani tsari da aka saba shi ne na kowace awa guda 24, na kowace rana guda 30, na kowane wata guda 12. Dalilin dogon tarihi shi ne ba kowace ɓarna ake gani ranar da ta faru ba. Fayil ɗin sakamakon zangon farko zai iya lalacewa a Maris, ba wanda zai buɗe shi sai Satumba da ake haɗa na shekara. In tarihinka na mako ɗaya ne, duk hotunanka lalataccen suke ɗauke da shi.

Sai maganar wuri. Saba daban da ke kan teburi ɗaya, a soket ɗaya, ƙarƙashin silin ɗaya mai yoyo da damina, rabin daban ce. Ranar 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa ƙurmus, ta kuma taɓa na kusa da shi. Shafukan intanet miliyoyi suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun biya kuɗin ajiya, sai daga baya suka gano ajiyar tasu a wurin da ya ƙone take, har a 2023 wata kotun kasuwanci a Faransa ta umarci kamfanin ya biya wasunsu diyya. Tsohuwar ƙa'idar nan ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa, abin da take cewa ke nan: kwafi 3, a kan nau'in ma'ajiya 2, ɗaya a wani wuri can daban. A harabar makaranta, mafi ƙaranci shi ne wani ginin, a kan wani layin wutar, da nasa batirin. Kuma tunda mun san yadda wutarmu take, a tabbatar turawar irin wadda ke iya ci gaba daga inda ta katse ce. ZFS na iya wannan idan aka kunna masa, rsync ma haka.

Idan ajiyar za ta fita daga hannunka, ko zuwa wani ofis ko zuwa hayar intanet, a kulle ta da lambar sirri kafin ta tafi. Sunaye, lambobin waya da sakamakon ɗalibai amana ne, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Tun samfurin 0.8 da ya fito a 2019, ZFS na Linux yana iya tura hoto a kulle yadda sabar da ke karɓa za ta ajiye shi ba tare da ta iya karanta shi ba. Shi kuma makullin, don Allah, kada a ajiye shi a kan sabar da ake tsoron ta mutu.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ku koma kan GitLab. Ba rashin ajiya ne ya kusa kashe su ba, rashin dubawa ne. An kafa tsari, kowa ya ɗauka yana aiki, ba wanda aka ɗora wa alhakin ya gwada dawo da shi. Darasi biyu nake ɗauka a nan. Na farko, kada ka dogara da saƙon da zai zo idan abu ya faɗi, domin shi ma saƙon yana iya faɗuwa. Ka juya abin: sabar ajiya ta riƙa duba shekarun hotonta na ƙarshe, in ya wuce awa 26 ta yi ihu, kuma kai ma ka saba ganin saƙon lafiya kowace safiya, ranar da bai zo ba ka tashi tsaye. Na biyu, ka riƙa dawo da ajiyar da gaske, ko sau ɗaya a wata, a kan wata kwamfutar, ka kunna detabes ɗin, ka nemo sunan ɗalibi ka ga ya fito. Ka kuma riƙe agogo. Awa 18 ɗin nan ta GitLab ta zo ne saboda faifan sabar gwajin mai jinkiri ne, ba a taɓa tunanin daga kansa za a kwaso komai ba. Ranar da shafin rajista ya faɗi ana saura kwana biyu a rufe, tambayar farko da shugaban sashe zai yi maka ita ce yaushe zai dawo, kuma gara ka amsa da lambar da ka auna.

Wani zai ce to ni da ba ni da saba fa, laftof ɗaya gare ni da furojet a ciki? Ƙa'idar ba ta canza ba. Timeshift a Linux, ko wurin komawa baya na Windows, hotuna ne a gida ɗaya, kuma galibi fayilolin tsarin kwamfutar suke karewa, ba babi na uku da ka kwana kana rubutawa ba. Filas ɗin da ke cikin jaka ɗaya da laftof kuwa, tare za a ɗauke su a mota. Ka tura wa kanka kwafi mai kwanan wata a jikin sunansa zuwa imel ko Google Drive duk ranar da ka yi aiki mai yawa, kada ka riƙa danne na jiya da na yau.

Ga 'yan sashenmu kuwa, wannan abu ne da za a iya gwadawa a ɗakin kwamfuta ranar Asabar ɗaya, ba tare da an sayi komai ba. A buɗe injinan gwaji biyu a VirtualBox, a sa musu Ubuntu, a ƙara wa kowanne ƙaramin faifai na gigabait 5, a kafa ZFS. A zuba fayiloli a na farko, a ɗauki hoto, a jawo shi daga na biyu. A canza fayil ɗaya, a sake ɗauka, a jawo bambancin, a duba girman abin da ya bi waya. Sannan wani daga cikin ƙungiyar, ba tare da ya faɗa wa sauran lokacin ba, ya cire faifan injin farko gaba ɗaya. Sauran su dawo da shi daga na biyu, ɗaya na riƙe da agogon waya, ɗaya na rubuta kowane umarni da aka buga a takarda. Takardar nan a buga ta a firinta a manna a bango kusa da sabar, domin ranar da za a neme ta, kwamfutar da aka ajiye ta a ciki ita ce ba ta tashi.